Tsakanin "triangle" da alwatika: An bar jaki ana dukan taiki

Akwai kalmomin Turanci da suka zauna daram a bakin ma'aikacin gwamnati har ya manta cewa baƙi ne. Ɗaya daga cikinsu ita ce "triangle". Tana cikin sanarwar rundunar soji, tana cikin littafin dokokin hanya, tana cikin takardun horar da 'yan kwana-kwana, sannan tana kan allon kowane aji huɗu na firamare daga Abuja har Itas. A teburin tace labarai kuwa kusan kullum sai mun yi karo da ita, kuma sau da yawa haka take wucewa zuwa shafin Hausa da rigarta ta Turanci, kamar ba ta da suna a gidanmu. Alhali tana da shi. Sunanta alwatika.

Mai karatu na iya cewa ƙasar da ke fama da tsadar abinci da matsalar tsaro ba ta da lokacin jayayya a kan kalma guda. Ina roƙon ya ɗan yi haƙuri. Wannan kalma ɗaya ta isa ta nuna mana inda gizo ke saƙar a muhawarar da ta ɓarke tun watan Nuwamban 2025, lokacin da Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya bayyana cewa gwamnatin tarayya ta soke manufar koyar da yara da harshen uwa, ta mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin farko. Manufar da aka soke ɗin, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ce ta amince da ita a ƙarshen Nuwamban 2022, kuma wanda ya sanar da ita shi ne ministan wancan lokaci, Malam Adamu Adamu, haifaffen Azare. Wato daga ƙasar Katagum maganar ta fito, kuma yaran ƙasar Katagum na cikin waɗanda sakamakonta zai fi shafa.

Bari mu fara da kalmar kanta. Turanci bai haifi "triangle" ba, aro ya yi daga Latin ta hanyar Faransanci. Gaɓar farko tana nufin uku, ta biyu kuma kusurwa. Ma'anarta ke nan duka: abu mai kusurwa uku. Babu wani sirri a cikinta. Jamusawa da suka tashi ba ta suna sai suka haɗa kalmarsu ta uku da ta kusurwa suka ce Dreieck. Masu Swahili suka yi haka nan suka ce pembetatu. Larabawa suka ce musallas tun zamanin da aka fassara littafin Iƙilidis daga Girkanci a Bagadaza, a daular Abbasiyya. Su kansu Turawan Ingila sai a 1570 suka samu cikakken littafin Iƙilidis da harshensu, bayan ƙarnoni suna karanta ilimi da Latin. Kowace al'umma da ta ci gaba a lissafi ta taɓa zama ta yanke shawarar cewa 'ya'yanta za su san wannan siffa da sunan da kunnensu ya saba da shi.

Bahaushe bai jira kwamiti ba. Je ka kasuwar Azare ka tambayi tsohon tela mene ne alwatika, zai ɗauko maka ƙyalle mai kusurwa uku da ake sakawa a wando ko riga domin a buɗa ta, mai ita ya samu sakewa. Yadda yake samar da ita ma darasi ne: ya ɗauki ƙyalle mai kusurwa huɗu, ya yanka daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, sai ga alwatika biyu daidai wa daida. Wannan yankan almakashi shi ne hujjar ƙa'idar da ake sa yara su haddace a aji, cewa girman filin alwatika rabin abin da aka samu ne in an ninka gindi da tsayi. Rabi ne domin alwatika rabin ƙyallen ce. Ɗan tela a Itas ya ga wannan da idonsa tun kafin ya shiga makaranta. Amma ranar da malami ya rubuta ƙa'idar a allo da Turanci, ya sa aji ya maimaita sau goma, ba abin da zai nuna wa yaron cewa abin da ake nufi yana ƙarƙashin keken ɗinkin babansa.

Haka magini. Duk wanda ya tsaya wurin fitar da harsashin gini ya ga yadda ake ɗaure igiya a turaku, a auna ƙafa uku ta wannan gefe, ƙafa huɗu ta wancan, sannan a duba ko tsakaninsu ya ba da biyar. In ya ba da biyar, kusurwar ɗaki ta miƙe. In bai ba da ba, gini zai karkace. Wannan ita ce ƙa'idar da littafi ke jingina wa Fitagoras: uku sau uku tara, huɗu sau huɗu sha shida, a haɗa a samu ashirin da biyar, wato biyar sau biyar. Kafinta ma da ke haɗa katakon rufi ya san dalilin da ya sa yake gicciya katako a tsakani. Firam mai kusurwa huɗu yana iya lanƙwashewa in iska ta tura shi, amma mai kusurwa uku ba ya motsi sai dai ya karye. Shi ya sa turakun wutar lantarki da gadojin ƙarfe duk alwatika ce a kan alwatika. Ilimin yana hannun mutanenmu. Abin da makaranta ta gaza yi shi ne haɗa abin da ke hannu da abin da ke allo, kuma igiyar da ke haɗa su ita ce kalma.

To amma amfanin "triangle" a Turanci bai tsaya ga siffa ba, kuma a nan ne aikin mai fassara yake. Kalmar tana da fuska uku a takardun da ke ratsa ofisoshinmu, kowace da Hausar da ta dace da ita.

Fuska ta farko ita ce siffar kanta, kuma inda ta fi shafar rai shi ne kan hanya. A tsarin alamomin titi da Najeriya ke bi, siffar allo tana magana tun kafin a karanta abin da ke cikinsa. Allo mai alwatika da jan baki gargaɗi ne: kwana na gaba, ko gada, ko mahaɗa, ko wurin tsallakar dabbobi. Mai da'ira umarni ne ko hani. Alwatikar da aka kifa kanta ƙasa kuwa cewa take ka dakata ka ba na babbar hanya wuri. Sannan ga 'yar alwatikar nan mai ƙyalli da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke tambayar kowane direba, wadda a tasha ake kira si-koshin. Direbobi da yawa sun ɗauke ta a matsayin abin nuna wa jami'i don a tsira daga tara. Idan mota ta lalace a hanyar Azare zuwa Potiskum, abin da aka fi gani shi ne ganye da rassan itace da aka jera a kwalta, ita kuwa alwatikar tana kwance a but. Ganye ba ya ƙyalli da dare. Da an gaya wa direba da harshensa cewa wannan abu an yi shi ne don ya mayar da hasken fitilar mai tahowa tun daga nesa, kuma nesa da motar ake ajiye shi ba a gindinta ba, da ya san kansa yake karewa.

Fuska ta biyu ita ce yanki. Turawa kan kira ƙasar da ke tsakanin wurare uku da wannan suna. Akwai na Bamuda a tekun Atilantika, tsakanin Fulorida da tsibirin Bamuda da Fotoriko, wanda tatsuniyoyin ɓatan jirage suka yi wa suna. Akwai wanda ke mahaɗar Myanmar da Laos da Tailan, da ya shahara da noman ƙwayar ofiyom. Namu na gida shi ne wanda sanarwar soji ke kira "Timbuktu Triangle", dajin da ke tsakanin jihohin Borno da Yobe inda mayaƙan ISWAP suka yi sansani. Idan aka bar sunan haka a labarin Hausa, mai sauraro a Itas zai ji kalmar da ya sani ɗaya ce kawai, Timbuktu, sai hankalinsa ya tafi ƙasar Mali. Ga shi kuwa Yobe maƙwabciyar ƙasar Katagum ce, motocin Azare kullum suna hanyar Potiskum da Damaturu. Labarin da ya kamata ya sa mutum ya yi hattara sai ya zama labarin wata ƙasa mai nisa. A nan cewa alwatika kaɗai ma ba ta wadatar ba. Abin da ya dace shi ne a ce dajin da ke tsakanin Borno da Yobe wanda sojoji ke wa laƙabi da Alwatikar Timbuktu. Jimla ɗaya ce, amma ta mayar da wurin inda yake.

Fuska ta uku ita ce dangantaka tsakanin abubuwa uku da kowanne ke riƙe da ɗan'uwansa. Malaman tarihi suna amfani da ita wajen bayyana cinikin bayi na tekun Atilantika: kaya daga Turai zuwa Afirka, bayi daga Afirka zuwa nahiyar Amurka, sukari da auduga da taba daga can zuwa Turai. Masu kashe gobara kuma suna koyar da cewa wuta ba ta tashi sai abu uku sun haɗu: abin da zai ci, zafi, da iska. A cire ɗaya, wuta ta mutu. Duk wata dabarar kashe gobara a kan wannan take. Ruwa yana rage zafi, yashi da jiƙaƙƙen bargo suna toshe iska. A nan Hausa tana da hoton da ya fi na Turanci kusa da zuciya, wato murhu. Duwatsu uku ne ke ɗauke da tukunya, kowace mace ta san in aka zare ɗaya tukunya ta kife. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi ta hallaka fiye da mutum 150. Talauci ne ya kai su wurin, wannan ba a musu. Sai dai yana da kyau kowa ya san cewa inda fetur ya malale, tururinsa ya gauraya da iska, duwatsun murhu biyu sun riga sun zauna, ƙyastu ɗaya ake jira. Wannan bayani yana cikin takardun horarwa da Turanci. Wurinsa na gaskiya shi ne rediyo, da masallaci, da tasha, da harshen da mutane ke ji.

Yanzu mu koma ga aji. Hujjar da ma'aikatar ilimi ta bayar wajen soke manufar 2022 ita ce yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da aka ce sun rungumi koyarwa da harshen uwa. Lissafi kaɗan ya isa a auna wannan magana. Yaron da ke aji shida na firamare lokacin da aka amince da manufar, a ƙarshen 2025 bai wuce aji uku na ƙaramar sakandare ba. Wanda ya shiga aji ɗaya a lokacin kuwa yana aji huɗu. Babu ɗayansu da ya zauna WAEC. Shi kansa Malam Adamu Adamu ya faɗa tun ranar sanarwar cewa aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. Ba a ga wannan tanadi ya iso makarantun karkara ba. Yaya za a ce magani bai yi aiki ba alhali ba a ba mara lafiya ya sha ba?

Za a ce ai malaman Arewa sun daɗe suna koyarwa da Hausa, ko da manufa ko babu. Gaskiya ne, amma a duba irin koyarwar. Littafi da Turanci, rubutun allo da Turanci, jarrabawa da Turanci, malami kuma yana bayani da Hausa yana tsallake duk kalmar da ke ɗauke da ainihin darasin. Zai ce wannan shi ne "triangle", yana da "three sides", ku maimaita. Hausar tana aikin kiran hankali da tsawatarwa, Turancin yana aikin hadda, fahimta kuma ta faɗa tsakani. Wannan ba koyarwa da harshen uwa ba ce, kuma ba koyarwa da Turanci ba ce. Ɗora wa Hausa laifin sakamakon irin wannan aji shi ne a bar jaki a daki taiki.

An taɓa gwada abin yadda ya kamata a ƙasar nan. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci tsawon shekara shida, har da lissafi da kimiyya, Turanci kuma aka ba shi matsayin darasi mai zaman kansa da ƙwararren malami. Sai da suka zauna suka rubuta littattafai, suka samar da kalmomi, suka horar da malamai. Sakamakon ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin, a wasu darussan ma sun fi su. Tun 1977 kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi fara firamare da harshen uwa ko harshen da ya fi yaɗuwa a yankin. Takarda ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba.

Ba na cikin masu cewa a kori Turanci. Da shi na yi digiri, da shi nake cin abinci, kuma ɗan Itas yana buƙatarsa kamar yadda ɗan Maitama ke buƙata. Da Turanci zai rubuta JAMB, da shi zai karanta likitanci a Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare, da shi zai nemi aiki a sakatariyar tarayya. Dole ya san kalmar "triangle", ya iya rubuta ta, ya iya amsa tambaya da ita. Maganar ita ce wanne zai fara zuwa. Yaron da ya riga ya gane alwatika, ya san kusurwoyinta uku in an haɗa suna ba da digiri 180, koya masa sunanta na Turanci aikin minti biyar ne, domin suna ne kawai ake liƙa wa abin da ya sani. Wanda aka fara da sunan kuwa, an ba shi marfi babu tukunya.

Akwai kuma ƙorafi mai nauyi da bai kamata a kauce masa ba: Najeriya tana da harsuna fiye da 500, Jihar Bauchi kaɗai tana da gommai, kuma a ƙasar Katagum akwai Fulani da Barebari da Karekare. Idan aka ce Hausa, ina nasu? Tarihin yankin ma gargaɗi ne. Shira da Teshena da Auyo tsofaffin garuruwa ne da kowanne yake da harshensa, yau duk sun ɓace, Hausa ta maye gurbinsu. Darasin da ke ciki shi ne harshen da aka daina ba shi aiki mutuwa yake yi, komai daɗewarsa. Don haka abin da ake nema wa Hausa, a nema wa Fulatanci da Barbarci da sauransu gwargwadon iko. Wahalar yi wa kowa ba hujja ba ce ta ƙin yi wa kowa. A fara da inda kayan aiki suke. Hausa tana da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, tana da ƙamusoshi tun daga na Bargery na 1934 har zuwa wanda Jami'ar Bayero ta fitar a 2006, ana karantar da ita har matakin digirin digirgir, kuma a 2025 maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta ayyana ta a matsayin harshen ƙasa.

Ga masu karanta wannan shafi, waɗanda yawancinsu su ne ke rubuta takardar da minista zai sa wa hannu da jawabin da sanata zai karanta, aikin a bayyane yake, kuma bai jira sai an sake manufa ba. Hukumar NERDC, wadda ke da alhakin manhaja, tana iya fitar da jerin kalmomin lissafi da kimiyya na firamare, Turanci a gefe guda, harshen gida a gefe guda, a buga shi a bayan kowane littafin da UBEC ke rabawa. Wannan bai saɓa wa koyarwa da Turanci ba, taimaka mata ma zai yi. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, wadda ke yaye malaman da ke shiga azuzuwan yankin, tana iya tabbatar da cewa ɗalibinta ya san sunan kowace siffa da harsuna biyu kafin ya karɓi alli. Jami'ar Sa'adu Zungur tana Gadau, cikin Ƙaramar Hukumar Itas/Gadau kanta. Gwajin da Ife ta yi da Yarabanci, babu abin da zai hana a maimaita shi da Hausa a makarantun da ke kewaye da ita, a auna, a fitar da alƙaluma, domin muhawara ta gaba ta tsaya a kan shaida. Hukumar Kiyaye Haɗurra da ta kashe gobara da ta wayar da kan jama'a kuma su daina ɗaukar fassara a matsayin aikin da ake miƙa wa duk wanda ya ji Hausa a ofis ana saura awa ɗaya taro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma 'yan jarida da namu kason. Duk kalmar da muka bari ta wuce ba fassara, mun koya wa dubban masu karatu cewa Hausa ba ta da ita. Duk wadda muka yi amfani da ita sau goma, ta zauna. Haka jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yi tun daga 1939, haka gidajen rediyo suka yi har kalmomi irin su majalisa da ƙuri'a da kasafin kuɗi suka zama na kowa.

Manomin Itas da aka ce hanya za ta ratsa gonarsa, ko magadan da za a raba wa fili mai karkatacciyar iyaka, da alwatika za a auna musu, domin haka masu safiyo ke yi: su yanyanka fili zuwa alwatika-alwatika, su lissafa kowace, su haɗa. Gefen gona mai gindin mita 60 da tsayin mita 40 murabba'in mita 1,200 ne, ba 2,400 ba. Wanda ya gane dalilin rabin nan zai iya tsayawa a kan haƙƙinsa, ya bi lissafin da idonsa. Wanda ya haddace shi da harshen da bai ji ba, sai abin da aka gaya masa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon duba wannan al'amari da idon basira.